Kabarin Baba a Kan Tudu

Babana da mamata sun yi zaman aure na lafiya, amma ranar Lahadi ba sa bin hanya ɗaya. In suka kai bakin kasuwar kifi, shi sai ya yi dama zuwa cocinmu, inda ake kai mutum kogi a nutsar da shi ranar baftisma. Ita kuma ta yi hagu zuwa nasu, inda ake zuba wa jariri ruwa kaɗan a goshi. Mu yara Baba muke bi. Mai gyaran injin ban-ruwa ne, kuma duk manoman shinkafar fadama sun san shi da haƙuri, amma a kan wannan magana ba ya ɗaga ƙafa. Yakan ce baftismar su Mama wankin fuska ce. Mama ta yi dariya, ta ce Allah Ya ba shi ladan iyo.

Kiristocin Haɗejiya ba mu fi cikin cokali ba, amma makabartarmu kashi biyu ce. Cocin su Mama ya riga zuwa, ya ɗauki tudu. Mu muka samu kwarin da ke gangarawa wajen kogi. Babu katanga, sai jerin darbejiya, kowa kuma ya san inda iyakarsa take.

Baba ya rasu da tsakiyar damina, a shekarar da kogi ya yi ambaliya. Samarin cocinmu suka je haƙa, kafin rami ya kai gwiwa ruwa ya cika shi. Suka sake wuri, haka. Wani manomi ya ɗauko injinsa a kan amalanke, ya ce hannun Baba ne ya gyara shi, bari yau ya yi masa aiki. Injin ya yi ta zuƙa, ruwa yana ta dawowa, har manomin ya kashe shi ya zauna yana share hawaye.

Dattawan cocinmu suka yanke shawara a kai Baba ƙauyen da aka haife shi, can kudu, tafiyar yini guda. Na ga fuskar Mama ta sauya. Tun tana amarya take Haɗejiya, ga ciwon gwiwa, ko garin Kafin Hausa da ke nan kusa ba ta iya zuwa ba tare da ta kwana tana nishi ba. In aka tafi da shi, ita da ganin kabarinsa har abada.

Maƙwabcinmu, wani Alhaji mai sayar da bandar kifi, yana zaune cikin masu gaisuwa. Ya kira ni gefe ya ce, "'Yata, ba ga tudu can a bushe ba? Ko ba naku ba ne?"

Na ce, "Na wancan cocin ne, Alhaji."

Ya riƙe baki. "Ikon Allah. Mu dai duk 'yan coci muke ce muku."

Kunya ta kama ni, haushi kuma ya biyo baya, na rasa wanda zan huce a kansa.

Mama ta ɗaura ɗankwali ta ce in raka ta wurin malamin cocinsu, wani tsoho da ya daɗe yana kula da makabartar. Bai bari ta ƙarasa ba, ya ce wuri akwai. Sai dai a ɓangarensu na makabartar ba a kwantar da kowa sai an yayyafa ruwan albarka. Da fastonmu ya ji haka, ya girgiza kai. Ya ce mutumin da ya ƙi yayyafi duk tsawon ransa, ba zai tsaya yana kallo a yi masa ranar da ba shi da bakin magana ba.

A lokacin na ji kamar in shaƙe su duka biyun. Yanzu da na girma na gane babu mugu a cikinsu, kowa amanar da aka ba shi yake riƙo. Amma suna tsaye a makabarta ƙarƙashin darbejiya suna ja-in-ja cikin ladabi, rana tana ɗagawa, gawa kuwa ba ta jira.

Sai Mama ta taka ta shiga tsakaninsu, ta zauna daɓas a cikin taɓo, da zanenta na zuwa coci. Ta ce, "Fasto, Baba Malam, ku gama shawararku. Ni ina nan."

Ba wanda ya iya kallonta. Sai tsohon malamin ya ɗauki kwalbarsa ta ruwan albarka ya hau tudu shi kaɗai. Muna hangensa yana yayyafa ruwa a kan ciyawar da ba a ko fara haƙawa ba, leɓensa yana motsi. Da ya sauko ya ce, "Fasto, na yi wa ƙasa nata. Mutumin naka ne, ka yi masa naku."

Fasto ya dubi tudun. Daga nan ya tuɓe takalmi, ya naɗe ƙafar wando, ya karɓi diga a hannun wani saurayi, ya hau tudu, shi ya fara sara. Samarin cocinmu da na cocin su Mama suka karɓa, ƙasa ta fito a bushe. Matan suka fara waƙa, aka yi ta karo da juna, domin kalmomin ɗaya ne amma kowane coci da irin jan muryarsa. Ba a taɓa waƙa mai hargitsi kamar wannan ba, ni kuma ban taɓa kuka kamar na ranar ba.

Da aka rufe kabari mutane suka fara watsewa, Mama ta tsaya dafe da kafaɗata, taɓo ya bushe a zanenta. Ta ce da ni a hankali, "Tun kina goye nake tunanin ranar da za a raba mu, shi kwari, ni tudu. Ban taɓa faɗa masa ba."

Sai ta juya wajen tsohon, ta nuna filin da ke gefen kabarin. "Baba Malam, nan kada a ba kowa."

Ya ce, "Naki ne."