Farantin Sumayya

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shara maƙwabciyata ta leƙo ta ce Daktora Habiba ta rasu jiya, hatsarin mota a hanyar Madina. Har yanzu tsintsiyar na nan inda na yar da ita.

Ga waɗanda ba su san ta ba, likitar yara ce a wani ƙaramin asibiti nan unguwar Madain Fahd, cikin Jidda. Haihuwar Jidda, Hausarta duk ta cakuɗe da Larabci. Ina yawan tsokanarta, ita kuma ta ce tawa ce ta ƙauye.

Ita ta gano ciwon 'yata Sumayya.

Yarinya kullum ciki na ciwo, ga rama, ta ɗashe, loma biyu ta ture abinci. Mun ba da maganin tsutsa har mun gaji. Kakarta ta ce sangarta ce kawai.

Daktora ta sa aka yi test, aka ga ƙwayar cuta ce ta zauna mata a ciki. Na ce to me ya sa ba ta birgima kamar babanta mai olsa? Ta ce, "Ya ukhti, jikin babba faɗa yake da ƙwayar, faɗan ne ke ƙona ciki. Jikin yaro lallaɓa ta yake. Shi ya sa take zama shiru, tana rage masa jini."

Sai ga rigima. Gidanmu tire ɗaya muke ci, Kaka kuma ta saba tauna nama ta sa wa jikokinta a baki. Daktora ta ce a daina, ƙwayar na iya bin yawu, kuma a duba mu duka. Kaka ta ce ita ba za a maida ta mai ƙazanta ba, ba kuma za a ware mata jika kamar baƙuwa ba. Ta hana a fara maganin ma.

Kun san abin da baiwar Allahn nan ta yi? Ta zo har gida bayan la'asar, ta zauna a ƙasa, ta miƙa wa Kaka wani farantin roba ruwan hoda. Ta ce, "Ya Khala, kyauta ce. Ke za ki riƙa zuba mata da hannunki." Kaka ta juya farantin, ta ce ba laifi, yana da kyau.

Halas, shi ke nan, aka fara magani.

Ganinmu na ƙarshe, tana sauri, mata sun cika benci. Ta ja kumatun Sumayya ta ce, "Yalla, ranar da kika cinye tas, ki kawo min farantin in gani." Ko sallamar kirki ba mu yi ba. Wannan na ci min rai ƙwarai.

Test na biyu ya fito, babu ƙwayar. Asabar mai zuwa muka shirya kai mata sakamakon.

Jiya da rana Sumayya ta share shinkafarta tas, ta hana a wanke farantin, wai sai Daktora ta gani. Yana nan kan firji. Ban san ta yadda zan faɗa mata ba.

Allah Ya jiƙanki Daktora, Ya haskaka kabarinki, Ya tausasa miki kamar yadda kika tausasa wa 'ya'yanmu. Don Allah duk wanda ya karanta, ya sa ta a addu'arsa ta yau.