Kawu ya je ba da haƙuri a filin baseball

Jiya ina tsaye can ƙuryar dama ta filinmu a Vénissieux, sai na hango Kawu Ila ya nufi mai horar da mu, da ƙunshin kilishi a hannu.

Shagonsa na unguwar Goutte d'Or ya rufe, ya hawo jirgi daga Paris don ya ga baseball ɗin da na ishe shi da labarinta. Aikina tsaron wannan ƙurya, kuma tun da aka fara, ƙwallo ba ta leƙo ni ba.

Ashe Kawu ya ɗauka horo ake mini. Ya ce wa mutumin: "Monsieur, ɗana ne. In laifi ya yi, ga ni na zo. A maido shi cikin mutane."

Kamar in nutse! Kilishin dai an karɓe.

A tram, jirgin ƙasan cikin gari, muna komawa gida tare da Kawu, ni da abokina Sani muka tada musunmu na kullum: wa ya fi kowa a wannan gurbi cikin shekarun nan? Shi ya kafe kan wani ɗan Japan mai jifa kamar harsashi, ni kuma wani ɗan Dominika.

Kawu ya ce: "Su ma haka ake yasar da su su kaɗai?"

Muka ce eh.

"To ku bar musu. Yarona ya wuni tsaye, ko gunaguni bai yi ba. Shi ne na ɗaya, ɗan Japan ya biyo."

Masana, ku jero naku a ƙasa. Amma na ɗaya kam, Kawu ya riga ya rufe zancen.