Kilo Sha Biyu

A bakin kasuwar abarba ta Pran Buri, Anong mai soya ayaba ta manta da kaskonta tana kallon wani mutum da ba ta taɓa gani ba. Gajere ne mai tumbi, ya ɗaure kai da tawul, baki har kunne kamar wanda aka yi wa haihuwa. Ya rungumo sabon wilin mota na alminiyum daga rumfar mai faci, ya ɗora a sikelin da ake auna abarba, ya sauke, ya ɗora tsohon na ƙarfe.

"Bambancin kilo uku ne," yake gaya wa duk wanda ya gifta. "Ƙafa huɗu, sha biyu ke nan. Yau akori-kurar nan tashi sama za ta yi."

Wani direba ya ce, "Kawu, da tumbin ka rage ai da ya fi sauƙi."

Mai tumbin dariya yake har da dukan cinya. A ganin Anong, tun yana saurayi yake mafarkin ya wuce wani a titi, ko da sau ɗaya ne.

Matarsa na zaune cikin mota tana fifita. Sai da aka ɗaure taya ta ƙarshe ta leƙo.

"Kilo nawa ka ce, Baban Somjai?"

"Sha biyu cif."

Ta yafito masu lodi. "A ƙaro mana abarba kilo sha biyu."