Wa Zai Rushe Mini Shawara Yanzu, Barista Haladu?

Allah ya yi wa Barista Haladu Ɗanburam rasuwa ranar Talata, 9 ga watan Yuli, 2024, a gidansa da ke Nassarawo cikin Jimeta. Ya dawo daga sallar asuba ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, kafin a fito da mota rai ya yi halinsa. Ni Fibi Ishmael, ƙaramar lauyar ofishinsa, ina Abuja a ranar ina rubuta jarrabawar Turanci, an karɓe mana wayoyi tun safe. Da na kunna tawa da la'asar, har an sallace shi an kai shi makwancinsa.

Oga, a unguwar Jambutu aka haife ni, na san Musulmi ba sa jinkirta gawa. Amma a gidanmu mamaci yakan yi makonni kafin a binne shi, dangi su taru, a ɗinka anko, a yi waƙoƙi. Sai ga ni a tasha ina neman motar Yola, wai in riski jana'izarka. Ban ga fuskarka ba, ban ga an fito da kai ba, shi ya sa har yau zuciyata ba ta yarda ka tafi ba.

Duk wanda ya yi aiki da kai ya san halinka: ba a kawo maka magana ka ce ta yi. Idan na ce za mu ci shari'a, sai ka koma lauyan abokin gaba ka yi kaca-kaca da hujjojina. Idan na karaya na ce mun faɗi, sai ka juyo ka nuna mini ta inda za mu yi nasara. Farkon zuwana na ɗauka ƙiyayya ce, har na yi kuka a bayan ofis. Daga baya na lura cewa babu abin da wani lauya zai jefo mini a kotu wanda ban riga na ji daga bakinka ba.

Haka ka yi mini ranar da na ce ina son neman digiri na biyu a fannin shari'a a wata jami'a a Birtaniya. Ka tambaye ni me Bature ya sani game da gadon gona a Adamawa, ka ce zan dawo da sanyi a ƙashi da Turancin da alƙalanmu ba za su gane ba. Na haƙura na ajiye maganar. Mako na zagayowa ka leƙo ka ce ina takardun neman makarantar, ko ina jira sai na tsufa ne?

Bayanin da makarantar ta nema kan dalilin son karatun kuwa, ban san sau nawa ka dawo mini da shi ba, duk jan biro. Ka ce, "Kowa ya rubuta musu yana son ya kawo canji a ƙasarsa. Ke me kika gani da idonki?" Sai na rubuta a kan shari'ar Bappa Hamajoɗa, dattijon da kogin Benuwai ya canza hanya ya cinye iyakar gonarsa, maƙwabcinsa ya ce abin da ruwa ya bari nasa ne. Mu biyu muke riƙe da shari'ar nan, kuma da wannan bayanin ne makarantar ta ba ni gurbi.

Da tsohuwar jami'ata ta yi ta jan ƙafa wajen aika sakamakona, kai ka shiga mota ka je ka zauna a ofishinsu har aka fito da shi. Da azumi a bakinka kake aika a sayo mini abincin rana. Jarrabawar Turancin ma dariya ka yi ta yi mini, wai na yi shekaru ina yi wa alƙalai Turanci, yanzu zan je in tabbatar wa Bature na iya gaisuwa. Ban san ita ce tsokanar ƙarshe ba.

Yanzu ga inda ka bar ni. Na ci jarrabawar, makaranta tana jiran in ce zan zo ko ba zan zo ba. Shari'ar Bappa Hamajoɗa kuma sai bayan hutun kotu za a ci gaba da ita, lokacin da ya kamata a ce ina can. Ofishin nan ba shi da lauya na uku. A wajen zaman makoki dattijon ya daɗe yana kallona, sannan ya ce da irin Hausarsa ta Fulani, "Fibi, kai ma za ka tafi ne?"

Na shiga cikin gida wajen matarka Hajiya Sakinatu, na ce ko a gida ka taɓa faɗin ainihin abin da ke ranka. Ta yi dariya hawaye na zuba. Ta ce ranar Lahadi ka ce mata ko da ɗaure ni za a yi sai an sa ni a jirgi, ranar Litinin kuma ta ji kana gaya wa ƙanenka cewa idan na tafi ofis ya mutu. Ta ce, "'Yata, tun da ya aure ni, a kan sallah da shayi kawai na san inda ya tsaya."

Jiya na rubuta wa makarantar cewa zan zo. Kafin in aika, sai na ga na miƙe da kwamfutar a hannu, na je har na ƙwanƙwasa ƙofarka. Na shiga na zauna, na ce bari in rushe shawarar da kaina yadda za ka yi. Na rushe ta tsaf. Na ɗauki ta zama a gida, ita ma na rushe ta. Ka koya mini aikin lauya har na iya, Oga, amma ban taɓa lura ba cewa idan gardama ta ƙare, fuskarka nake kallo in san wadda zan ɗauka. Saƙon yana nan ban aika ba, ban kuma goge ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Sakinatu da 'ya'yanta Haidar da Nuriyya, da dukan zuri'ar Ɗanburam, da lauyoyin Yola da Jimeta, da talakawan da ka tsaya musu a kotu. Allah ya jiƙanka da rahama, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya ba iyalinka haƙurin wannan rashi. Ni kuma Allah ya nuna mini hanya, domin ranar Juma'a wa'adin makarantar zai cika, kuma ranar ce Bappa Hamajoɗa ya ce zai zo ofis ya ji amsata.