Kafaɗar da Ta Ƙi Sauka

Da kaka aka kashe ni a Sheme, a turmi na biyu. A dambe, in ka kai ƙasa an kashe ka ke nan. Wani dogon bahago daga Sabuwa ya yi kamar zai kawo mini ta ciki, na sauke hannun kariya, sai ya sakar mini naushi a gindin wuya. Na ji ƙas, ƙasa ta cika mini baki. Da aka ɗauke ni, kafaɗata ta dama ta haye kusa da kunne, can kuma ta zauna shekara uku.

Ni mahauci ne, ɗan mahauci, a Kankara. Lokacin kuɗin man fetur ya shigo, ma'aikata na cin nama kullum, shanun da muke kayarwa sun ninka. Ni kuwa da na kai wuƙa wajen fiɗa sai jijiya ta fizge ni daga ƙeya har yatsu. Fata biyu na huda rana ɗaya.

Wanzami ya yi mini ƙaho har bayana ya rasa wurin tsaga. Mai ɗori a Faskari ya sa ƙarti uku suka danne ni, ya taka hammatata ya ja hannun har na saki fitsari. Aka yi mini sakiya da ƙarfe jajir, na shaƙi ƙaurin namana. Na dawo gida na naushi ƙofar zaure har ta ɓalle.

Sarkin Fawa ya ce, "In Layya ta zo kana huda mana fata, aje wuƙa ka koma wankin hanji."

Aka tura ni Ruwan Godiya wurin wani tsohon ɗan dambe mai ido ɗaya, ba haƙoran gaba. Na ba shi labarin bahagon.

"Baba, an ce kana gyaran hannu."

"Da na iya gyara ai da na fara da bakina. Kai naushi in gani."

Na kai da ƙarfi, zafi ya durƙusar da ni. Ya zuba mini sanda a ƙwauri.

"Jaki! Wa ka gani nan da za ka kashe? Sake. Sannu, kamar ƙuda na bisa hannun ba ka son ya tashi."

Na sake. Gumi na zuba. Ya ce in ƙara ɗaga kafaɗar sama da inda ta maƙale, sannan in sauke ta kaɗan-kaɗan ina numfashi, in kuma lura da inda take cijewa. A karo na biyar na ji wani abu ya saki a wuyana, ɗumi ya gangaro har gwiwar hannu.

"Bahagon nan ya tahi gida ya yi aure," in ji Baba. "Kai kana nan ka noƙe wuya kana jiran naushi na biyu."

Kullum bayan asuba sai in tsaya bayan rumbu ina naushin iska a hankali. Matata ta leƙo ta ce ko a kira malam ya yi mini tofi.

Ranar Layya aka ba mu wani jan sa a gidan wani Alhaji. Kafin mu kayar da shi ya harbi wanda ke riƙe da igiyar baya, ya karya masa haƙarƙari. Da aka yanka, jini ya wanke mini ƙafafu, na ji kafaɗar ta fara hawa. Na tsaya da wuƙa a hannu, na ɗaga kafaɗar da kaina, na sauke. Sannan na fara fiɗa.

"Hawainiya!" in ji abokan aiki. "Ko sai Sallar baɗi?"

Da na gama, Sarkin Fawa ya ɗaga fatar ya duba ta a rana, ciki da bai, bai ga ko huji ɗaya ba, ya jefar.

"Akwai wani sa gidan gaba," in ji shi. "Amma ka ɗan hanzarta, mutane na jin yunwa."