Ssentongo da Jinin Aladensa

Rigimata da Ssentongo a kan ɓari aka yi ta. Ba nawa ba, ni na daɗe da wuce nan. Aladiyata ce ta zubar da ciki sau biyu a jere, kuma duka biyun daga wurin namijin aladensa ta ɗauko. Na je har ƙofar gidansa na wanke shi tas. Na ce masa shi da aladen duk sun tsufa, babu abin da ya rage a jikinsu sai ci da minshari.

Bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Nabbosa, bakinki ne ya tsorata 'ya'yan suka fito da wuri."

A ƙauyenmu, can bayan Masaka, ba kowa ke ajiye namijin alade ba, don cinsa ya fi amfaninsa. Mutum ɗaya ke riƙewa, sauran mu ja matan da igiya mu kai masa, in an haihu a ba shi ɗa guda. Shekara goma sha ɗaya Ssentongo ne mai wannan aiki. Matarsa ta rasu, ɗansa na Kampala, shi kuma ba gwanin zuwa gidan mutane ba ne. Amma wanda ya kawo aladiya dole ya jira, wanda ya jira kuwa dole ya zauna. Sai ya shimfiɗa tabarma gindin ayaba, ya kawo shayi, ya yi ta zuba kamar rediyo. Hirarsa ta duniya ke nan. Aladen, wai shi Kaawa, shi ke kawo masa mutane.

Maganata ta ci shi. Da ƙafarsa ya taka har gunduma ya kira likitar dabbobi, wai ta zo ta ƙaryata ni. Ta zo a babur, wata siririya mai takalmin roba. Ina tsaye aka zarga wa Kaawa igiya a hanci, maza uku suka danne, yana ihu har tsallaken fadama. Ta soka masa allura a wuya, ta ja jini cikin 'yar kwalba, ta sa a akwatin ƙanƙara. Ta ɗebi na aladiyata ma. Na tambaye ta me za ta gani a jini wanda idona bai gani a jiki ba, ga alade nan sumul kamar ango. Ta ce abin da ya sa ake duba jinin ke nan.

Bayan mako biyu ta dawo, shi kaɗai ta samu a gida. Jini ya nuna ƙwayar cuta, irin wadda namiji ke ɗauke da ita yana rabawa, mata su yi ta ɓari. Allura ba ta raba shi da ita, kuma mutum ma yana iya kamuwa in ya taɓa abin da aka zubar da hannu.

Kowa ya san yadda ake yi. Ka yi shiru, ka ɗora aladen a babur, ka sayar wa wani ƙauye mai nisa, ka sayo sabo. Babu wanda ya ji abin da likita ta ce sai shi. Amma ranar Lahadi, ana tashi daga coci, tsohon nan ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗa wa kowa, har da cewa Nabbosa ce mai gaskiya. Ban taɓa cin rigimar da ta yi mini ɗaci irin wannan ba.

An rabu da aladun da suka kamu, har da tawa. Aka koma kai matan aladu wurin wani mutum a gefen titi, wanda ko kujera ba ya ba ka. Ssentongo ya ƙi rabuwa da Kaawa, ya kuma ƙi kawo sabo gidan da cuta ta zauna. Ya ƙara wa shingen tsawo, ya ci gaba da yanko masa ganyen dankali safe da yamma. In na wuce ta bayan gidan nakan ji shi yana ba alade labarin farashin kofi. Sau biyu na shiga. Ya kawo shayi, muka sha, muka rasa abin faɗa, don babu abin da muke jira.

Shekara uku a haka. Da Kaawa ya mutu, Ssentongo shi kaɗai ya haƙa rami mai zurfi kamar yadda likita ta ce. Wata bai cika ba ɗansa ya zo da mota don ya tafi da shi Kampala.

Ssentongo na zaune a gaba, jaka a cinya, ya ce, "To, uwar masu gaskiya, sai ki nemi wani abokin faɗan."

Na kama ƙofar motar na ce, "Da ƙaryar ka yi kamar kowa, tsoho, da yau gidan nan cike yake da 'yan rakiya. Ga shi ni kaɗai ka samu, sai ka yi haƙuri da ni."