Haƙorin Makka a Kasuwar Rogo

Yayana bai taɓa zuwa Makka ba, amma da sunan Alhaji aka binne shi.

Rake yake nomawa a fadamar Kwanyawa, yana dafa mazarƙwaila. Mai wannan sana'a ba ya rabuwa da ɗanɗano, don haka tun yana da sauran ƙuruciya wani haƙorinsa na sama, kusa da fiƙa, ya yi kogo. Yakan cusa kanumfari a ciki, ya ci gaba da aikinsa.

A zamanin soja ne, shekarun tamanin, wani mutum ya fara zuwa kasuwar Rogo da akwatin katako da farar riga irin ta asibiti, wuyanta ya yi baƙi don dauɗa. Yana da kwalba cike da haƙoran mutane, yana kaɗa ta kamar caki. Aikinsa sa wa haƙori hular ƙarfe mai ƙyalli, irin wadda alhazai ke dawowa da ita. Ina tsaye ya buɗe bakin Yaya da yatsun da ya gama cin tsire da su.

"Maigida, tsutsa ce," in ji shi. "In na cire haƙorin, ta koma na kusa. Amma in na rufe ta da azurfa, ba iska ba abinci, dole ta mutu."

Na ce, "Yaya, mu dai je asibiti."

Mutumin ya dube ni sama da ƙasa. "Wannan ƙaninka ne? Aji nawa ya yi?" 'Yan kallo suka kwashe da dariya. Irin mutanen nan ne da ba su taɓa sayen komai a kasuwa ba sai ba da shawara.

Ko wanke kogon bai yi ba. Ya shafa wani abu kamar danƙo, ya danna hular, ya matse da awartaki.

Kafin mu isa tasha an fara: "Alhaji, yaushe aka sauka? Ina tsarabarmu?" Yaya mutum ne mai kunya, wanda ba a taɓa kula da shi a taro ba. Ya yi murmushi, ya bar bakin a buɗe. Ban taɓa ganin ya ji daɗi haka ba.

Da damina ta kama, kuncinsa ya kumbura. Na roƙe shi a cire. Ya ce, "Ƙyale ni, ƙanena, tsutsar ce ke shure-shuren mutuwa." Masu zuwa dubiya suka goya masa baya. Wani ma cewa ya yi ai ba a taɓa jin an cire wa alhaji haƙori ba, aka yi dariya, shi ma ya yi ƙoƙarin yi. Da muka nemi mai akwati a kasuwa, aka ce ya yi gaba.

Sai da kumburin ya sauko wuya, ruwa ma ya gagara haɗiya, sannan aka yarda muka sa shi a mota. Likitan da ya duba shi a Kano bai yi faɗa ba. Ya ce hular haƙori abu ne mai amfani, tana kare haƙori daga ruɓewa, amma sai an fara kankare ruɓar, an cike ramin, an auna ta ta zauna daidai. Wannan kuwa an rufe ciwo ne da ransa, mugunya ta rasa hanyar fita ta bi jini. Sun yi iya ƙoƙarinsu. Allah ya ji ƙansa.

Wajen wanka, liman ya ce in azurfar za ta fita ba wahala a cire, haƙƙin magada ce. Na sa yatsa kawai ta faɗo. Cikinta ya yi tsatsa. Liman ya jujjuya ta a tafin hannu, ya miƙo mini. Gwangwani ne.

Waɗanda suka yi dariya a kasuwa sun zo gaisuwa, sun ci abin sadaka, suna ta cewa Alhaji mutumin kirki ne. Har yau haka suke kiran 'ya'yansa, 'ya'yan Alhaji. Ni in an faɗa a gabana ba na amsawa.